Mai Riƙon Igiyar Tsofaffi

Daga sallar asuba ba ya komawa gida. Kai tsaye yake wucewa gidan iyo, ya buɗe ƙofar baya, ya kunna fitilu, ya tsuguna ya tsoma hannu a ruwa ya ji ko sanyin ya yi yawa. Sai ya ɗauki tsumma ya bi tayil ɗin bakin ruwan yana gogewa. Akwai masu shara, amma ya ce su ba su san yadda ƙafar tsoho take zamewa ba. Bayan nan ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan teburinsa, ya jera auduga da safar hannu da ƙananan allurai da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. Daga ƙarshe ya warware igiya. Yakan bi ta da yatsu tun daga wannan baki har wancan, yana laluben inda ta fara cinyewa. In ya gama sai ya zauna ya jira tsofaffinsa.

Haka ya yi shekara da shekaru. Mai Igiya, da wannan sunan kowa ya san shi. Watan jiya aka sallame shi, wai ya kai shekarun ritaya. Ba taro, ba addu'a, ko ruwan sanyi ba a sha ba. Ya miƙa wa mai gadi makulli ya fita. Shi ya sa na ce to ni zan yi magana. Ban yi boko mai nisa ba, ni uwa ce mai 'ya'ya da jikoki, aikina gida da keken ɗinki. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a ransa ya wuce gaba.

Baban yara ɗan iyo ne. Walda ce sana'arsa, amma ruwa ne rayuwarsa, tun kafin in san shi. Kuma ba iyon shan iska ba, na tsere. Akwai gasa ta manya, ta waɗanda furfura ta gama da su, kowa yana karawa da sa'o'insa. Mutane dariya suke yi in na faɗa. Maƙwabciyata ta taɓa ce min, "Tsoho da gajeren wando a gaban jama'a, ke ko kunya ba kya ji?" Na ce mata nata tsohon tun safe yake kwance yana kiran a zo a danna masa baya, nawa kuwa a guje yake hawa bene. Ba ta sake ba.

Ni nake raka shi da safe, da tawul da fulas ɗin shayi. Ina zama a benci na sama da carbina. A nan na ga aikin Mai Igiya da idona.

Ga yadda awon yake. Zai ɗaura wa mutum bel a ƙugu, igiya ta taso daga bel ɗin zuwa wani ma'auni da aka kafe a bango. Ya busa usur. Mutum ya yi ta iyo iya ƙarfinsa har rabin minti, yana waje ɗaya ba ya gaba, igiya ta miƙe kamar za ta tsinke. Ma'aunin yana nuna ƙarfin da ya ja da farko, da yadda ƙarfin yake zubewa. Da ya fito sai a soki fatar kunnensa a ɗauki ɗigon jini, na'urar nan ta faɗi yawan tsamin da gajiya ta tara a jiki. A jira kaɗan a sake ɗauka, a ga ko jikin yana wanke kansa da wuri.

Ranar da na fara ganin ana yi wa baban yara, sauka na yi daga benci. Na ce, "Malam, wannan awo ne ko horo? Ka ɗaure min miji kamar akuya."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, kina girki?"

"Wa zai yi min?"

"To jiki murhu biyu gare shi. Akwai na gawayi, mai ci a hankali, yana son iska, ya kai ki har yamma. Akwai kuma wanda kamar kin watsa kananzir ne a wuta, ya tashi fuu ba ya jiran iska, nan da nan ya mutu. Gajeren tsere da na biyun nan ake yin sa. Shi nake aunawa. Kuma shi ne tsufa yake fara ci."

Na ce, "In ka auna, me kake ƙara masa?"

Ya ce, "Ba na ƙara komai. Ina dai gaya wa mutum abin da ya rage masa, kada ya ɗora tukunyar da ta fi wutarsa."

Na koma benci na zauna. Na gane.

Duk tsofaffin sun girme shi, shi ya sa kowannensu Yaya yake ce masa. Kafin ya taɓa kunnen mutum sai ya murza hannuwansa sun yi ɗumi. Bai taɓa faɗin sakamakon wani a gaban wani ba. Sai mutum ya goge jiki, ya sa kaya, ya sha shayi, sannan ya ja shi ƙarshen benci su yi ƙus-ƙus. Ya ce ba a gaya wa namiji ya ragu alhali yana tsaye ba riga. Su kuwa ba sa raga masa. Tela, wanda ya fi su shekaru kuma ya fi su baki, kullum cewa yake, "Mai Igiya, jinin da ka tatsa a kunnen nan da tarawa kake da ya cika bokiti. Matata ta ce ko 'yan kunne zan fara sawa."

Shi kuma ya ce, "In za ka sa, Yaya, ka zaɓi marasa nauyi. Dama da ƙyar kake tasowa."

Lokacin da matar Dogo, ɗaya daga cikin tsofaffin, ta rasu, Dogo ya kulle kansa a ɗaki ya daina zuwa. Mai gadi ya gaya min Mai Igiya yakan buɗe wuri, ya jera kayansa, ya hau babur ya je ya tsaya a ƙofar Dogo yana danna hon har maƙwabta su fara zagi. Sai da ya dawo da shi ruwa. Wannan ba ya cikin aikinsa. Ba wanda ya aike shi.

Akwai wani a cikinsu, Kafinta, Allah ya jiƙansa. A wata gasa ya yi iyon tsawon kwami ɗaya, ya taɓa bango, bai sake ɗago kai ba. Bayan an yi jana'iza tsofaffin suka taru a bakin ruwan nan suka yi alkawari: daga yau ba mai zuwa gasa sai Mai Igiya ya auna shi ya ce je ka. Su suka ɗora masa. Shi bai nema ba. Ina so a riƙe wannan.

Yanzu ga abin da ya faru. A gasar akwai tseren mutum huɗu, wannan ya kai bango wancan ya faɗa. Ba a duba shekarun mutum ɗaya, haɗa na duka huɗun ake yi, jimlar ita ke nuna rukunin da za su shiga. Bana ne karon farko da Tela da Dogo da Mai Biredi da baban yara suka haɗa ɗari biyu da tamanin, da rarar shekara ɗaya tal. Sun daɗe suna jiran wannan. Mutane na tsoron tsufa, su kuwa murna suke duk wanda ya ƙara shekara, don ta kai su rukunin da suke ganin za su ci. In aka cire baban yara, ba wani mai saba'in da za a saka. Sai dai a ɗauko ɗan sittin, su faɗo rukunin ƙasa, wurin waɗanda Tela yake kira yara masu jan baki.

Ni kuwa a gida ina ganin abin da ba sa gani. Mutumin da yake hawa bene a guje ya fara tsayawa a tsakiya yana lalube aljihu, wai makulli yake nema. In ya sunkuya alwala ya ɗago sai ya dafa bango. Na ce mu je asibiti. Ya ce bayan gasa. Na ce gasar ba za ta gudu ba. Ya ce, "Ke, Tela ne zai jira wata shekara? Kin ga alamar mai jira a jikinsa?"

Abokan sun lura su ma. Dogo ne ya gaya min daga baya irin shawarar da suka yanke a ɗakin canza kaya. Tela ya ce wa baban yara, "Kada ka buɗe wuta da farko. Ka ja a hankali, daidai wa daida, har ya busa. In ba ka hau ba, ina zai ga ka sauko?"

Ranar awo haka ya yi. Ya fito yana murmushi, ko haki babu. Mai Igiya ya soki kunnen, ya duba na'ura. Ya jira ya sa kaya, ya ja shi ƙarshen benci. Amma ran nan sauran ukun biyo su suka yi suka tsaya a kansu, ni ma na sauko.

Mai Igiya ya ce, "Yaya, ba ka yi ba."

"Ban yi me ba? Ba ka ga igiya a miƙe ba?"

"Na gani. Jininka kamar na wanda ya tashi daga barci. Ka ɓoye min wutar. Kai kuma ba ka taɓa ɓoye ta ba, kai ne mai fizgar min bango. Me kake ji a ƙirjinka?"

Tela ya ce, "Kai dai ka ce ya je. Tsawo ɗaya ne fa. Ko kaza aka jefa za ta kai."

Mai Igiya ya ce, "Tsawo ɗaya Kafinta ya yi."

Sai ya juya wurin baban yara ya ce ba zai sake auna shi ba, kuma ba zai ce je ka ba, sai likitan zuciya ya duba shi. Ya faɗa a hankali, har da dafa masa gwiwa.

Baban yara ya ture hannun. Ya miƙe ya tuɓe rigar da ya sa, ya ɗauki bel ɗin da ke ajiye a bakin ruwa ya ɗaura da kansa. Ya ce, "Wuta kake so ka gani? Duba ma'auninka." Na kira shi da sunan da ban taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba. Bai waigo ba. Ya faɗa ruwa.

Mai Igiya bai busa usur ba, bai kuma kalli ma'auni da farko ba. Tsalle ɗaya ya yi ya kama igiyar da hannu biyu. Baban yara ya buɗe duk abin da yake da shi, ruwa na tashi. Bai yi nisa ba na ga hannun hagu ya daina fitowa. Sai kan ya nutse. Mai Igiya ya kafa ƙafa a bakin tayil ya yi ta ja, hannu bayan hannu, igiya tana yanka masa tafi. Shi ya fito da shi, shi ya danna masa ƙirji har motar asibiti ta zo. Ni salati kawai nake. Jinin da na gani a ƙirjin baban yara ran nan, na tafin Mai Igiya ne.

Mai Igiya, kai ne ka fito min da shi. Kai ne ka riƙe lokacin da abokansa uku suka tsaya kamar an dasa su. Da a wurin gasa ne, ba igiya a ƙugunsa, da yanzu na gama takaba.

An yi masa aiki a zuciya. Likita ya ce tafiya a hankali, e. Tsere kuwa har abada. To daga nan ne abin ya lalace.

Tela ya bi gari yana cewa Mai Igiya ne ya tunzura shi, da ya ce je ka da bai faɗa ruwa cikin fushi ba. Wasu suka ɗauka. Waɗanda suka sha shayi da shi shekara da shekaru suka fara wuce shi ba sallama. Ba a je gasar ba. Tela ya daina zuwa, yanzu ma an ce ba ya fita. Mai Biredi ya koma wurin ɗansa. Dogo ya sake kulle ƙofa, kuma wannan karon hon bai fito da shi ba. Manajan gidan iyon ya leƙo da safe ya ga ruwa ba kowa, ya ba wasu lokacin, aka kwance ma'aunin daga bango. Ramukan ƙusoshin suna nan. Sai takardar ritaya ta biyo baya. Ba a kawo wani a madadinsa ba, an ce ba bukata.

A gida kuma ga abin da nake da shi. Mutum zaune a kujera ɗaya tun safe har magariba. Kafaɗun nan da suke cika ƙofa sun zube, rigunansa duk na rage musu. Jikoki su hau shi, ya sauke su a hankali. Lambobin yabon da ke rataye a falo ya ce in kwashe, na zuba a leda na tura ƙarƙashin gado. Abinci sai na tsaya a kansa. In ya shiga wanka sai ya daɗe. Ran nan na kasa kunne a ƙofar bayi, na ji ɓul-ɓul-ɓul, shiru, ɓul-ɓul-ɓul. Fuskarsa yake tsomawa a bokiti yana fitar da numfashi, ya juya kai gefe ya shaƙa, kamar yadda yake yi a ruwa. Namiji mai shekara saba'in da ɗaya. Na koma kicin na kunna famfo don kada ya ji ni.

Ina gode wa Allah, wallahi ina godewa. Rai a hannunsa yake, shi ya ga dama ya bar min. Ina tashi in roƙa masa sauƙi. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Wanda aka fito min da shi daga ruwa ba shi ne wanda ya shiga ba, kuma ban ga alamar wancan zai dawo ba.

Mai Igiya kuwa duk mako sai ya zo. Ya jingine babur, ya zauna a dakalin ƙofa. In shiga in ce ga shi. Baban yara ya ɗaga murya yadda za a ji a waje, ya ce, "Ce masa ina barci." Ni in fito da kofin ruwa ina jin nauyi. Shi ya sha, ya tambaya ko yana shan magani a kan lokaci, ko ƙafa tana kumbura, ya ce in riƙa fita da shi ko zuwa bakin titi ne. Ya hau babur ya tafi. Wani makon ya dawo. Na ce, "Malam, ba ka gajiya da wulaƙanci?" Ya ce, "Ƙanwata, yanzu wane aiki gare ni?"

Makon jiya da na ce ga shi, sai baban yara ya ce, "Ce ya shigo."

Na san abin da zai tambaya, shekara arba'in da aure ba wasa ba ce. Na tare Mai Igiya a bakin ƙofa na rage murya. Na ce, "Zai tambaye ka abin da ma'auni ya nuna ran nan. Don Allah ka ƙara masa kaɗan. Ka ce ya fi kowa. Me zai rage ka?"

Ya ce, "In na ce ya fi kowa, gobe za ki neme shi ki rasa. Zai je ya sami ruwan da ba igiya."

Ya shiga ya gaishe shi. Baban yara bai amsa gaisuwar ba. Ya ce, "Ka duba?"

"Na duba daga baya, Yaya. Ma'aunin ya riƙe abin da ka ja."

"Nawa?"

"Bai kai na bara ba. Na bara kuma bai kai na bara waccan ba."

"Ko a farkon? Kafin hannun?"

"Ko a farkon."

Ina tsaye da tire. Na ji kamar in kwaɗa masa shi. Baban yara ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sai ya ce, "Ke, kawo masa kujerar kirki, wannan ƙafarta rawa take." Na kawo. Suka zauna har la'asar. Suka yi salla tare, baban yara a zaune. Ran nan bai ci abincin dare ba. Tun daga ranar kuma ban sake jin ƙarar bokitin ba. Yana shiga ya watsa ruwa ya fito. Ban sani ba ko sauƙi ne ya fara zuwa, ko kuwa abin da ya rage ne ya ƙare. Allah ne masani.

Mai Igiya, na ji haushinka ran nan, kuma har yanzu da saura. Duk da haka na gode. Kai ne wanda aka ba amana a bakin ruwa, waɗanda suka ba ka suka dawo suna roƙon ka ci, ka ƙi. Ka rasa abokai, ka rasa wurin aiki, ka rasa gaisuwa, tafinka har yau da tabo. Ba ka sami komai ba sai kujera a ɗakin mutumin da ba ya iya kallonka. Ba ni da abin ba ka. Allah ya ba ka, ya sa ka gama lafiya, ya ba ka mai tsaya maka ranar da naka ƙarfin zai zube.

Ku kuma masu auna mutane, a asibiti kuke ko a filin wasa ko a ina, tsofaffi za su zo muku da murmushi da wasa da dabara, su roƙe ku ku ce suna nan kamar da. Abin tausayi ne, na sani, a gidana yake. Kada ku ce. Wanda Allah ya ba riƙon igiyar wani ya riƙe da hannu biyu, ko da wanda ke ɗaure a jikinta ba zai yafe masa ba.